Na Je Kwatano Sayen Akawun da Ba Ya Cin Tuwo

Wan mijina ya ce ni ɓarauniya ce. Bai faɗa da wannan kalmar ba, don Alhaji Babba ba ya sakin magana tsirara, sai ya sa mata riga da hula. Cewa ya yi, a gaban baƙi, lissafin shagon marayu ya fi ƙarfin wadda ta koyi karatu tana da furfura. Na ji abin da ya faɗa, na kuma ji abin da yake nufi, kuma har yau ban yafe ba.

Wannan maganar ce ta kai ni Kwatano. Tun da na dawo mata sun hana ni sakat, kowace ta shigo shago sai ta ce, "Hajiya Ige, yaya ƙasar Faransi? Da gaske kin ga teku?" Bakina ya gaji. Ga shi na rubuta sau ɗaya, mai iya karatu ta karanta wa maƙwabciyarta.

Ga yadda abin yake, ga wadda ba ta sani ba. Maigidana ya rasu ya bar mini yara huɗu da shagon atamfa a Gawon Nama. Rabin cinikinmu ba a shago ake yin sa ba. Ina da dillalai tara, mata, masu ɗaukar turmi uku ko biyar a ka su shiga gidajen kulle. A kai a gani, ke nan. Wani turmin a saya, wani ya kwana bakwai a ɗakin amarya ya dawo yana ƙamshin turare. Alhaji Babba shi ne mai kula da rabon yara. Ya turo akawunsa ya ƙirga abin da ke kan kanta, ya gwada da takardun sari, ya ce turmi arba'in da ɗaya sun ɓace. Na ce suna kan dillalai, na kai littafina. Alhaji ya ɗaga shi da yatsa biyu kamar ya tsinci ɓera.

"Wanga rubutun yaƙi da jahilci na," in ji shi. "Ki kawo min takarda ta inji kamin mako guda bayan Babbar Salla. In babu, makulli ya koma hannun akawu, ke kuwa ki zamna gida ki huta."

Inji kuwa akwai. Marigayi ya sayi kwamfuta a gwanjo, da abin buga takarda, bai kai ga taɓa su ba. Na lulluɓe ta da ƙyalle ina ɗora buta a kai. Malam Haruna, malamin jami'a da ke zaune wajen Kwalkwalawa, wanda matarsa ke sayen leshi a wurina, ya zo ya kunna ta. Ya ce lafiyarta ƙalau, cikinta ne babu komai. Sai an ɗura mata tsarin lissafin kaya, wanda suke kira furogaram, kuma a faifai yake zuwa. Ya ce manyan 'yan atamfa na Kwatano da shi suke aiki. Na ce to, akawun da ba ya cin tuwo, ba ya kuma kai gulma gidan kowa, shi nake nema. Dama kayan Salla sun ƙare, kuma marigayi ne mai zuwa sari, ni, in ban da Makka, ban taɓa wuce Birnin Kebbi ba. Sai na bi Hajiya Luba, ƙawata, matar mahauci, wadda ta san hanyar kamar tsakar gidanta.

Mun tashi da safe a tasi mai cin mutum bakwai, aka sa mu tara. Babu mai a gidajen mai, direba ya tsaya wajen 'yan bumburutu ya sayi galan biyu, ya ɗanɗana da harshe kafin ya zuba, kamar mai sayen zuma. Tsakanin Sakkwato da Kamba na fara ƙirga shingayen masu kaki, da na kai goma sha ɗaya na bari. Luba ba ta ko ɗaga kai. Tana da ƙullin kilishi na mijinta, an yanka shi tafin hannu tafin hannu. Mota na tsayawa sai ta miƙa ɗaya ta taga ta ce, "Sannu da rana, samari." Na ce, "Ke Luba, wanga fasfo naki da yaji a kai, ina anka buga shi?" Ta ce, "Ke dai ci gaba da riƙon takarda, mu gani wa za ya riga wani."

A bakin iyaka, a Kamba, wani mai kaki ya dubi fuskata, ya dubi mayafina, ya turo mini tawadar dangwale ba tare da ya tambaye ni ba. Na ture ta. Na ce ya ba ni biro. Shekara uku na yi ina zama kan tabarma a ajin manya, jikokin maƙwabta na leƙe suna dariya, don in daina fita daga ofis da baƙin yatsa. Na rubuta sunana cikakke, da na mahaifina, harafi bayan harafi. Layi ya yi tsawo a bayana, wani mai buhun barkono yana cewa, "Baba, wasiƙa kike rubutawa?" Na juya na ce in yana sauri ya zo ya rubuta nasa mu gani. Bai zo ba.

Gaya ƙasar Nijar ce. Nan muka canza kuɗi zuwa sefa. Mutanen can suna jin Hausa, amma ƙirgen kuɗinsu biyar biyar ne, sefa biyar dala ɗaya suke ce mata. Mai shinkafa ta ce mini dala arba'in, na ba ta abin da ke da arba'in a lissafina, ta biyo ni da ludayi a hannu tana zage-zage da Zabarmanci. Luba ta biya cikon tana dariya har da hawaye. Ta ce, "Wagga ta za ta sayo injin lissahi!" Na haɗiye, don gaskiyarta ce.

Muka haye gada muka shiga ƙasar Binin, garin Malanbil. Abin da na fara gani a kasuwarsu albasa ce, tuli tuli, kuma tamu ce. Na ce wa Luba, "Dibi, wagga ta fadamarmu ta." Mai albasar ya ɗago kai da sauri. Mutumin Wamakko ne, shekara shida bai je gida ba. Daga jin bakina ya gane ni Basakkwata ce. Ya tambaye ni ruwan bana, ya tambaye ni ko har yanzu ana sayar da fura a gindin wata bishiya da ni ban ma sani ba, na ce ana sayarwa. Ya cika mana leda da albasa, muka yi ta jan ta har bakin teku kamar can babu.

Daga nan zuwa Paraku tafiya ce ta wuni. Mun kwana gidan wasu Hausawa 'yan goro, aka ba mu sakwara da miyar gyaɗa da wani cukun Fulani soyayye mai jan baya, wagashi suke ce masa. Na ci na ƙara, ban ji kunya ba. Da safe muka hau jirgin ƙasa. A kujerar da ke gabana wata mata ce da kaji biyar a kwando, ta buɗe dogon burodi kamar sandar makiyayi, ta tsaga shi, ta zuba wake da mai a ciki, ta miƙo mini rabi. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata, amma kafin azahar na san 'ya'yanta shida ne kuma mijinta ba ya da amfani.

Kwatano gari ne na babura. 'Yan kabu-kabunsu duk riga ruwan ɗorawa suke sawa, da lamba a baya. Mata ma suna tuƙa babur, da ɗaurin ɗankwali da jaka a kafaɗa, ba mai kallonsu sai ni. Teku kuwa na gan shi. Ruwa ne mai yawa, yana ta hayaniya, ba a sha, ba a wanki. Na tsaya minti biyar na ce mu tafi.

Masaukinmu a Zango ne, gidan Hajiya Mariya. Kakanta Bakatsine ne, ita a can aka haife ta, Hausarta rabi Faransanci ce. Mace mai son baƙo har ya yi yawa. Ita ta zama tafintata. Abu na farko da ta koya mini shi ne, a garin nan in rana ta take, ofisoshi rufewa suke, kowa ya je ya ci abinci ya kwanta, sai wajen la'asar. Na ce mu a gida in mutum ya rufe shago da rana tsaka, zuwa ake a yi masa gaisuwar mutuwa.

Kafin in fita na shirya tambaya ɗaya, wadda zan auna kowane furogaram da ita. Cikin dillalaina akwai Tumba, tsohuwa mai baki, wadda ta fi kowa ciniki. Tambayar ita ce: Tumba ta ɗauki turmi uku ranar Asabar. Ranar Juma'a ta maido ɗaya, ta kawo rabin kuɗin ɗaya, na ukun kuma an yanki falle guda a ciki an maido saura. Tsakanin Asabar da Juma'a, ina injin zai ce kayana suke?

Wuri na farko ofis ne mai sanyi har haƙorana na haɗuwa. Mai wurin, wani da ake ce wa Musye, mai laktaye a wuya, ya ba mu kujera ya buga mana takardar ciniki ta gwaji. Kai, ta yi kyau! Da fure a kusurwa, da layi ja. Ya ce kowane mai saye sai an sa sunansa, da lambar gidansa, da lambar tarho. Na ce wa Hajiya Mariya ta gaya masa masu sayena ba su fita, ni ma ban san fuskar rabinsu ba, kuma adireshin da Tumba ke ba ni shi ne gidan bayan rijiya mai akuya gurguwa. Ya yi murmushi irin na likita. Sai na yi masa tambayar Tumba.

Ya ce, "Madam, kaya in sun fita shago, an sayar ke nan. Sai a rubuta bashi a kan ita Tumba."

"Ba ta saya ba."

"To suna shago."

"Ba su shago."

Ya buɗe hannuwa. Na ce wa Hajiya Mariya, "Hwaɗa mai, irin wanga akawun muna da shi gida, har da hula. Ban zo in sayi na biyu ba." Ban san yadda ta fassara ba, amma ya raka mu har ƙofa yana godiya. Ga shi kuma duk rubutun injin da Faransanci ne, ko Malam Haruna sai ya nemi malami.

Na biyu wani Ibo ne a bayan kasuwa, wanda ya yi shekaru a Kano. Ina buɗe baki ya tafa hannu. "Hajiya Sakkwato! Mi na na, mi na na!" Na ce ya bar kwaikwayon abin da bai iya ba ya nuna mini kaya. Ya fito da kwali mai faifai goma sha biyu da littafi mai kaurin bulo. Ya ce wannan yana lissafin albashi, da haraji, da kuɗin ƙasa bakwai, har banki na amfani da shi. Na ce ba ni da banki, Tumba gare ni. Na yi masa tambayar.

"Yana yi, Hajiya. Babu abin da ba ya yi."

"Yi in gani."

Ya danna, ya danna, ya buɗe littafin, ya lashi yatsa, ya sake dannawa. Injin ya yi ƙara ɗit. Ya ce falle ɗin ne ya rikita shi, in daina yanka turmi. Na ce ya je ya gaya wa matar da kuɗin zani ɗaya gare ta. Daga ƙarshe ya ce gaskiya sai na ɗauki akawu an koya masa wata uku, kuma kuɗin kwalin ya kai na turmi talatin. Wato in sayar da shagon in sayi abin ƙirga shagon. Ya biyo mu har titi yana rage kuɗi, Luba na ce masa, "Sai ka zo Sakkwato, mi na na."

Na koma masauki raina a ɓace. Kwana biyu sun tafi, Salla na matsowa, makullin shagona na lilo. Luba ta ce in bar zancen inji mu je mu yi abin da muka iya, wato sari.

Wurin sarin na wata mata ce, Madam Sesil. Ta kai shekaruna, ƙatuwa, da tabarau rataye a sarƙa. Sito uku gare ta cike da atamfa har rufi, maza na sauke dila tana daka musu tsawa daga kujera. Na zaɓi kayana, muka yi ciniki mai zafi, ta kira ni mai taurin kai, na kira ta mai tsada, muka shirya. Sai na ga ta juya gefe ta danna kwamfuta da kanta, da yatsa biyu, takarda ta fito. Ba fure, ba jan layi. Suna, yadi, kuɗi.

Na ce wa Hajiya Mariya ta yi mata tambayar Tumba. Madam ta saurara har ƙarshe, sannan ta fashe da dariya har sarƙar tabarau na rawa. Ta ce ita ma tana da irin su Tumba, goma sha huɗu, masu yawo da kaya unguwa unguwa.

"Kuskurenki," in ji ta, "kina ɗaukar Tumba mai saye. Tumba shago ce mai ƙafa."

Ta jawo mini kujera. Furogaram ɗin nata an yi shi ne don mai sito da yawa. Kana iya ɗauke kaya daga wannan sito ka kai wancan ba tare da an ce an sayar ba. Sai ta buɗe wa kowace dillaliya sito da sunanta. Turmi uku sun tashi daga shago sun koma Tumba. Ɗaya ya dawo. An sayar da ɗaya daga can, rabin kuɗi ya shigo. Falle kuwa, ta ce in daina ƙirga turmi, in ƙirga yadi, sai a yanki abin da za a yanka. Da Turanci yake, faifai ɗaya tak, kuɗinsa bai kai turmi huɗu ba. Wani mutumin Legas ne ya tsara shi, wakilinsa na layin baya. Na haye iyaka biyu don in sayi abin ƙasarmu.

Ta ce tun da ofisoshi sun rufe, in fito da littafina mu gwada da gaske. Ba ta ɗaga shi da yatsa biyu ba, shimfiɗa shi ta yi kan teburinta ta danne da kofi. Ina karantawa, Hajiya Mariya na fassarawa, Madam na dannawa. Tumba bakwai. Inno huɗu. Haka har tara. Ta danna jimla.

Ashirin da tara.

Na ce ta sake. Ta sake. Ashirin da tara. Akawun Alhaji ya ce arba'in da ɗaya ne babu. Goma sha biyu ba su kan kanta, ba su kan kowace dillaliya. Wata biyu ina zagin mutum a zuci a kan ya yi mini ƙazafi, ga shi injin da na zo saye don ya wanke ni ya fara da kama ni. Da hannuna zan buga takardar da za ta karɓe mini makulli.

Madam ta sauke tabarau ta ce, "Wa kuma ke ɗaukar kaya ba ya biya a take?"

Na ce babu.

Luba na gefe kan dila tana cin goro. Ta ce, "Babu? Bikin ɗiyar Alhaji Babba hwa, ankon da munka sa, daga sama yaf faɗo?"

Na fara ƙirgawa. Turmi shida. Aikowa aka yi daga gidansa, Alhaji ya ce a ba da shida a gani. Ƙaramar Salla, huɗu, na iyalinsa, su ma a gani. Sai biyu da ya aika wa matar wani baƙonsa daga Argungu. Na lanƙwasa yatsu, na ƙare hannu biyu na ƙara biyu. Goma sha biyu cif.

Madam ta ce me ya hana ni rubutawa. Hajiya Mariya ba ta ma jira ni ba, ta shiga yi mata bayani da kanta. Wan miji ne. Ko sunansa na yanka ban taɓa faɗa da bakina ba tun da aka kawo ni gidan, shi ya sa nake cewa Alhaji Babba. Wadda ba ta iya furta sunan mutum, yaya za ta kama biro ta rubuta shi a layi ɗaya da Tumba, a littafin masu ɗaukar kaya? Hannuna ne ya ƙi. Duk sanda aka aiko, sai in miƙa in ce a gaishe shi, in rufe littafi.

Madam ta dube ni ta dubi Luba. Ta ce a garinsu ko uban miji ya ɗauki ƙyallen goge hanci sai ya sa hannu. Na ce shi ya sa garinsu ba albarka sai babura. Hajiya Mariya ta ce wannan ba za ta fassara ba.

"To buɗe masa sito," in ji Madam. "Inji ba ya jin kunyar kowa. Wane suna za a sa?"

Ta turo mini abin dannawa. Na daɗe ina kallon haruffan. Har a nan, ƙasa biyu tsakanina da shi, yatsana ya ƙi. Na nemo su ɗaya ɗaya na rubuta: SHAGO NA GOMA. Madam ta zuba masa goma sha biyu, jimla ta fito arba'in da ɗaya. Luba ta yi guɗa a cikin siton mutane, masu sauke dila suka tsaya suna kallo.

Na sayi faifan a wurin wakilin. Ɗan abu ne baƙi mai kusurwa huɗu, bai kai tafin hannuna ba. Ni da na zo da buhu don ɗaukarsa. Ya ce in kiyaye shi daga ruwa da rana. Na naɗe shi cikin sabon zanina na sa a ƙasan jaka.

Bai ce in kiyaye shi daga Hajiya Mariya ba. Ranar da za mu tashi, ina wanka, ta ce baƙuwarta ba za ta koma Sakkwato tana warin jirgi ba. Ta kwashe kayana, ta kifa kwando kan kaskon turaren wuta, ta jera su a kai, zanin nan a ƙasa don ya fi sha. Da na fito gidan duk ya gume da ƙamshi. Na warware zanin, faifai ya lanƙwashe kamar ganyen da ya sha rana. Ta ɗora hannu a ka tana salati da Hausa tana ba da haƙuri da Faransanci. Na so in yi faɗa, amma yaya za ka yi faɗa da wadda ta ƙona maka kaya don ƙauna?

Jirgi ya tafi ya bar mu. Muka koma wurin wakilin, ya ce sai dai in sake saye. Na ce da kuɗina abin da ke ciki na saya, ko roba? Muna cikin haka ya kai lanƙwasasshen faifan hanci. Ya shinshina, ya sake shinshinawa. Ya tambayi Hajiya Mariya wane turare ne wannan, matarsa za ta so. A kan kwalba ɗaya ta turaren wuta aka ba ni sabon faifai. Wannan karon cikin gwangwanin alewa na sa shi, na ɗaure a ƙugu, ko wanka da shi nake shiga in rataye a ƙusa.

A hanyar dawowa, a wani shinge bayan Kamba, kilishin Luba ya ƙare, aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani mai kaki ya buɗe gwangwanina yana tsammanin alewa. Ya ɗaga faifan, ya duba ta rana, ya girgiza shi a kunne.

"Hajiya, waƙa ce a ciki?"

Na ce, "I, ɗana. Amma mutum ɗaya za a yi wa ita, kuma ba ya rawa."

Ya kira na kusa da shi, suka juya shi gaba da baya, suka maido mini. Albasar Wamakko da ta rage suka karɓa, na ce Allah ya sa ta yi musu amfani, ta ga duniya fiye da su.

Na iso gida saura kwana tara Salla. Malam Haruna ya zo ya ɗura faifan, ya nuna mini inda ake shiga da inda ake fita, ya ce in bari ya shigar mini da kayan. Na ce a'a, kada a ce malamin jami'a ne ya yi. Kwana huɗu na yi ina dannawa da yatsa ɗaya, wuta na ɗaukewa ina jira, tana dawowa ina ci gaba. Sau biyu na goge Inno gaba ɗaya daga duniya na sake halitto ta. Tumba ta zo ta tsaya a kaina ta ce wai ita aka sa cikin akwatin? Na nuna mata sunanta. Ta ce to a rubuta babba, ta fi sauran ciniki. Ranar Laraba bayan la'asar injin ya yi ta kuka kamar gyare, ya turo takarda shafi biyu.

Da safe na yi wanka, na sayi goro fari ƙwarya guda, na tafi gidan Alhaji Babba. Yana zaure kan buzu, akawunsa na gefe da wasu dattawa biyu. Na cire takalmi, na durƙusa nesa kaɗan kamar yadda aka koya mini, na gaishe shi har sau uku, na tambayi iyali. Na tura goron. Sannan na miƙa takardar da hannu biyu.

Ya sa tabarau. Ya shafa takardar, ya ga ta inji ce, ya gyara zama. Yatsansa ya fara gangarowa. Tumba, ya gyaɗa kai. Inno, ya gyaɗa kai. Ya wuce tara, akawu na leƙe ta kafaɗarsa. Yatsan ya tsaya.

"Wanga shago na goma, mai turmi goma sha biyu, ina yake? Ban san da shi ba."

Na sunkuyar da kai na ce, "Yaya, cikin zaurenai muke."

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi tari. Akawu ya ɗaga kai yana duban azara kamar yau aka sa ta.

Na ce, "Ni ban da ta cewa, Yaya. Injin na ka tambaya, kuma ba shi da kunya: a rubuta an saya, ko har yanzu ana gani?"

Ban jira amsa ba, don ba a tsare babba da ido. Na ce a yi mini izini, Tumba na bakin shago tun ɗazu, kuma makullin na hannuna.